Wannan Layin Da Ya Tare Saman Kwamfutarka, Wa Ya Gayyato Shi?

Idan Allah Ya kai mu gobe ka isa ofis, kafin ka taɓa komai ka buɗe burauzar da kake shiga intanet da ita, ka dubi can sama. Akwai wurin da ake rubuta adireshin shafi, wannan na gida ne. A ƙarƙashinsa fa? Idan ka ga wani ƙarin layi mai nasa akwatin bincike, da 'yan hotunan yanayin gari, da sakamakon ƙwallo, da wani maɓalli da ke cewa zai ƙara wa kwamfuta sauri, to kana da baƙo. Masu gyaran kwamfuta suna kiran sa tulba. Ke ma uwargida, kada ki ce wannan zancen ma'aikata ne. Kwamfutar da aka saya wa yara don su gwada tambayoyin JAMB, ki leƙa ta.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne abin da ya faru da wani ƙanena, akawu a wata masana'antar roba a Sharada. Ƙarshen wata ne, ana haɗa albashin ma'aikata, babu wuta, janareta na shan dizal, kwamfutar ofis kuma ta ƙi tafiya. Duk abin da ya nema sai ta kai shi wani shafin bincike da bai taɓa jin sunansa ba, tallan caca da na maganin ƙiba suna ta faɗowa. Ya zagi kamfanin waya, ya canza layi, ya sake sayen data. Sai da aka kira wani yaro mai gyara daga Titin Beirut, ya duba ya yi dariya. Layi huɗu ne jere a saman burauzar, sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar kwamfutar. Bai yi rabin awa ba ya kwashe su. Da aka tambayi mutanen ofishin wanda ya sa su, kowa ya rantse ba shi ba ne. Kuma ina ganin gaskiya suka faɗa, ta wata fuskar.

Kafin mu yanke wa tulba hukunci, a ba ta haƙƙinta, domin akwai lokacin da ta yi rana. Wanda ya yi zamanin kafe a Kano, farkon shekarun 2000, ya san yadda ake sayen awa ɗaya a zauna ana kallon shafi yana buɗewa kamar ana jan ruwa a rijiya mai gaba dubu. Internet Explorer ta wancan lokaci ba ta da akwatin bincike a samanta. Sai ka fara buɗe shafin Yahoo ko na Google, ka jira, sannan ka rubuta abin da kake nema, ka sake jira. Da Google ya fitar da tulbarsa a watan Disamba na 2000, sai ya zama kana rubuta tambayarka kai tsaye daga duk shafin da kake. Mintin da ka tsira da shi kuɗi ne. Daga baya aka ƙara mata toshe tallace-tallacen da ke faɗowa, da cike fom, da gyaran rubutu, da fassara. A wancan zamani, wanda ya sa ta ya yi dabara.

Sai dai masu ƙera burauza ba barci suke yi ba. Firefox ta fito a 2004 da akwatin bincikenta da abin toshe talla. Internet Explorer 7 ta biyo baya da nata akwatin a 2006. A 2008 Chrome ta zo ta haɗe wurin adireshi da wurin bincike suka zama abu ɗaya, yadda kake gani yau. Fassara ma ta koma cikin burauza, kuma tun Disambar 2013 Hausa na cikin harsunan da Google ke fassarawa. Shi kansa Google ya daina yi wa sababbin Firefox tulba a 2011, ya kuma rufe ta gaba ɗaya a Disambar 2021. Internet Explorer da aka gina yawancin tulbobin dominta, Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022. Idan mai abu da kansa ya ce abinsa ya gama aiki, ban ga dalilin da kai za ka ci gaba da goya shi ba.

To me ya sa har yanzu ake samun su? Amsar tana cikin kasuwa, kuma Bakano ba ya bukatar dogon bayani a kan dillanci. Duk tambayar da ka rubuta a akwatin bincike haja ce. Wanda ta faɗa hannunsa shi zai nuna maka talla, shi zai karɓi kuɗin masu talla. Don ka san girman abin, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da burauzoji da kamfanonin sadarwa, don kawai ya zama shi ne injin binciken da mutum zai tarar idan ya kunna na'urarsa. Inda manya ke zuba irin wannan kuɗi, ƙanana ma za su zo kalen abin da ya zube. Mai tulba dillali ne da ya tsaya a bakin ƙofarka. Ka fito za ka Kwari wajen wanda ka saba, ya riƙe hannunka ya kai ka shagon da za a ba shi la'ada. Bambancinsa da dillalin kasuwa shi ne wancan kana ganinsa, kana iya ce masa a'a.

Yadda suke shigowa kuwa shi ya sa mutanen ofishin ƙanena suka rantse da zuciya ɗaya. Ba kasafai mutum ke zuwa neman tulba ba. Wata manhajar kyauta yake nema, ta mayar da takarda PDF, ko ta sauke bidiyo, ko ta kunna fim. Wajen sanyawa yana ta danna "Next" bai karanta ba, alhali a ɗaya daga cikin shafukan akwai ɗan akwati da aka riga aka yi masa alama, wai ka yarda a sa maka tulba a kuma canza maka shafin farko. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai suka yi wannan ba. Shekara da shekaru manhajar Java, wadda ofisoshi da yawa ba sa iya aiki sai da ita, tana zuwa da tulbar Ask a goye. A 2015 Microsoft ya sa tsofaffin nau'o'in wannan tulba cikin jerin manhajojin da masu tsaron Windows za su riƙa cirewa. Masu gyara da suka daɗe a sana'ar kuma ba za su manta da Babylon da Conduit ba, waɗanda ka cire yau, gobe ka tarar sun dawo.

A nan Kano akwai ƙarin ƙofa. Kwamfutocin ofis da yawa na hannu ne, kuma manhajojin da ke kansu daga filashin mai gyara aka zuba su, shi ma daga wani ya kwafa. Ga kuma kwamfuta ɗaya hannu goma: akawu da rana, mai kula da sito da yamma, ɗan aikin dare da ke neman fim ya kashe lokaci, wani lokaci har ɗan oga idan an yi hutu.

Kada kuma ka ce tunda ba ka ga layi a sama ba ka tsira. Tun da Google ya tsaurara dokar Chrome a ƙarshen 2013, ya ce kowace ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza ta tsaya kan aiki guda, tulba ta canza riga. Yanzu ɗan ƙaramin tambari ce a lungun dama, ko kuma wani kyakkyawan shafi da ke buɗewa duk lokacin da ka buɗe sabon shafi, da hoton Ka'aba ko na ƙungiyar ƙwallon da kake so, da akwatin bincike a tsakiya. Aikin dai shi ne na da.

Abin da ya fi damuna ba nauyin kwamfuta ba ne. Ka tuna abin da ke bi ta cikin burauzar ofishin masana'anta. Ta nan ake shiga asusun banki a tura albashi. Ta nan ake cike haraji, a biya kuɗin gwamnati ta Remita, a aika jadawalin fansho. Majemun Challawa da ke fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, ta imel suke musayar farashi da takardun biya da masu sayensu. Mai kamfanin alewa ko man gyaɗa a Bompai, sunayen dilolinsa da bashin da yake bin kowa suna nan ciki. Yawancin irin waɗannan manhajoji kuwa, lokacin shigarsu suna neman izinin karantawa da canza duk abin da ke kowane shafi da ka buɗe. Ka sake karanta wannan jimlar. Karantawa, da canzawa. Wanda ke da wannan izini yana iya ganin abin da ka rubuta a fom, yana iya sauya abin da idonka ke gani a shafi.

Ban ce kowace tulba ɓarauniya ce ba. Da yawansu talla kawai suke nema. Amma ba ka san hannun da za ta koma gobe ba, domin ana sayar da su kamar yadda ake sayar da shago da kwastomominsa. Akwai wata mai suna The Great Suspender da mutane sama da miliyan biyu suka amince da ita, aikinta rage wa Chrome nauyi. Mai ita ya sayar wa wani da ba a san ko wane ne ba, aka cusa mata abin da bai kamata ba, Google ya cire ta a Fabrairun 2021. Waɗanda suka sa ta tun tana ta kirki ba su yi laifin komai ba, amma da su aka yi. Sannan tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Fayil ɗin albashi mai ɗauke da lambar asusu da NIN na leburori ɗari biyu amana ce a wuyan kamfani, ko da manaja bai san inda ake kunna kwamfutar ba.

Na san abin da mai masana'anta zai ce, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da a Afrilun 2024 aka mayar wa kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya, ga dizal, ga kayan gyaran inji da ake saye da dala, ba kwamfutar akawu ce a ransa ba. Shi ya sa za ka shiga ofis ka tarar da Windows 7, wadda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, Chrome ma ta daina sabuntuwa a kanta tun farkon 2023. To irin wannan tsohuwar na'ura ita ce ta fi kowa rashin ƙarfin ɗaukar kaya. Gida ne da katangarsa ta zube, bai kamata a ƙara masa da barin ƙofa a buɗe ba. Cire tulba kuwa ko sisi ba ya ci.

Akwai ƙananan manhajojin da ni ma nake amfani da su, ba na ɓoyewa. Mai toshe talla na gaskiya yana rage shan data, mai adana kalmomin sirri ya fi rubuta su a bayan kalanda. Abin da ya raba su da tulba shi ne ni na je na nemo su da sunansu, na san aikin da kowace ke yi, kuma babu wadda ta taɓa min injin bincike. Duk wadda ta canza maka shafin farko ko ta mayar da bincikenka wani wuri ba ka ce ta yi ba, ta riga ta gaya maka ko ita wace ce.

Wajen cirewa, wuri uku za ka duba, kuma wanda ya tsaya a ɗaya shi ne yake cewa ta dawo. Fara da jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, a "Control Panel" ko "Settings", ka jera su bisa ranar da aka sa su. Sau da yawa za ka ga baƙuwar ta shigo rana ɗaya da wata manhajar kyauta da ka tuna. Cire ta. Sannan ka shiga burauza, sashen "Extensions", duk abin da ba ka san shi ba ka goge, kada ka tsaya kashe shi kawai. Na uku, ka koma saitin burauzar ka duba injin bincike da shafin farko, ka mayar da su wanda kake so, ko ka danna maɓallin da ke mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Idan kwamfutar ana shiga banki da ita, ka canza kalmomin sirri bayan ka gama, ba kafin nan ba. In ta ƙi fita, ko burauzar ta rubuta cewa wata hukuma ce ke sarrafa ta alhali kamfaninku ba shi da sashen kwamfuta, wannan ya wuce aikinka, kira mai gyara. Ka kuma roƙe shi ya buɗe wa sauran ma'aikata asusun da ba ya iya sanya manhaja, a bar mabuɗin a hannun mutum ɗaya.

A gida ma haka. Ki zauna da yaran a cire tare, su ga ɗan akwatin nan da ake yi wa alama a ɓoye, domin su ne za su sake sauke wani abu jibi. Wayoyinsu ma ki duba, don manhajojin da ke cewa za su share waya ko su sanyaya batir, da yawansu 'yan gida ɗaya ne da tulba.

A ofishin ƙanena an biya albashi a daren, an makara da 'yan awoyi. Washegari mai kula da sito ya zo yana tambaya, cikin ɓacin rai, wa ya cire masa abin da ke nuna masa sakamakon wasan Kano Pillars. Sai aka nuna masa yadda zai rubuta sunan ƙungiyar a wurin adireshi ya danna.