ABIN DA ƁERA YA KOYA WA MASANA A KAN TABAR WIWI DA ƘWAƘWALWA

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka ne. Amma kuma in mutum ya yi ta ganin tsumma yau da gobe bai cije shi ba, a kwana a tashi sai tsoron ya sake shi. To, mene ne cikin kai yake sa tsoro ya saki mai shi? Masana kimiyya sun samo wani sashe na amsar ta hanyar da ba a zata ba, wato binciken tabar wiwi da gwaji a kan ɓera, ko kuwa kusu.

Mabuɗi da kuba

A shekara ta 1964, a ƙasar Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware sinadarin da ke sa maye cikin wiwi, suka bayyana ƙirarsa. Shi ne ake kira THC. Sai dai an yi shekaru 24 ba a san inda yake kamawa cikin ƙwaƙwalwa ba, har zuwa 1988, sa'ad da Allyn Howlett da William Devane, a ƙasar Amurka, suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi wanda irin wannan sinadari yake shiga daidai, kamar yadda mabuɗi ke shiga kuba. A 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke ƙera wannan kuba. Sunanta a yau CB1.

Nan take wata tambaya ta taso. Don me jikin dabba zai ƙera kuba domin mabuɗin da ke cikin ganyen wani tsiro? Amsa ta zo a 1992, a birnin Ƙudus, inda Mechoulam da abokan aikinsa suka tsamo wani sinadari mai maiƙo daga ƙwaƙwalwar alade, wanda yake buɗe kubar nan. Suka sa masa suna anandamid. A 1995 aka gano na biyu, 2-AG. Ashe jiki yana da nasa mabuɗai na halitta, THC kuwa baƙo ne da ya dace da ƙofar.

Aikin waɗannan mabuɗai ya fito fili a 2001. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ba dare ba rana. Idan saƙo ya yi wa mai karɓa yawa, sai ta ƙera ɗan mabuɗi nan take, ta tura shi baya wurin mai aikowa, ya shiga kubar CB1, sai mai aikowar ta sassauta. Kamar mace ce a bakin rijiya, ana zuba mata ruwa a tulu, in ya kusa cika ta ce ya isa. Ana ƙera mabuɗin a wurin da ake bukatarsa, a lokacin da ake bukatarsa, sa'an nan jiki ya narkar da shi ba da daɗewa ba.

Ɓeran da tsoro ba ya sakinsa

Hanyar sanin amfanin abu ita ce a cire shi a ga abin da zai ɓaci. A 1999 masana a birnin Buruksel na ƙasar Beljik, da wasu a Amurka, suka samar da ɓeraye waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon CB1 tun kafin haihuwa. Ɓera lafiyayye in an ba shi THC yakan rage motsi, ya ƙame, jikinsa ya yi sanyi. Waɗannan kuwa ba su nuna haka ba, domin mabuɗi ya iske ƙofa ba kuba.

A 2002, a cibiyar Max Planck ta birnin Munik a Jamus, Giovanni Marsicano da Beat Lutz da abokan aikinsu suka gwada tsoron irin waɗannan ɓeraye. Ana sa ɓera cikin akwati, a yi masa wata ƙara, sa'an nan wutar lantarki ta ɗan ja shi a ƙafa. Bayan haka, duk lokacin da ya ji ƙarar sai ya ƙame don tsoro. Sai aka yi ta maimaita ƙarar ba tare da wuta ba. Ɓeraye masu kuba suka gane babu sauran haɗari, suka ci gaba da harkarsu. Marasa kuba sun koyi tsoron daidai da ƴan'uwansu, amma suka kasa sakinsa, kwana da kwanaki suna ƙamewa. Masanan sun kuma auna wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro, wanda ake kira amigdala, suka tarar mabuɗan jiki suna ƙaruwa a wurin lokacin da ake maimaita ƙarar. Wato barin tsoro ma darasi ne da ake koya, kuma kubar CB1 tana cikin kayan aikinsa.

Kuba ɗaya, ƙofofi dabam

Ƙwayoyin da ke aika saƙo cikin ƙwaƙwalwa manyan iri biyu ne. Akwai masu zuga, waɗanda ke ce wa maƙwabtansu su tashi, akwai kuma masu tsawatarwa, waɗanda ke ce musu su dakata. Dukansu suna da CB1. Tun da aikin kubar shi ne sassauta saƙo, in an buɗe ta a jikin mai zuga sai ƙwaƙwalwa ta lafa, in kuwa a jikin mai tsawatarwa ne sai linzami ya kwance. Masana suka koyi cire kubar daga iri ɗaya kawai, su bar ta ga sauran.

Da wannan dabara aka nuna a 2003 cewa ɓeran da masu zugarsa ba su da CB1, in an ba shi sinadari mai tada farfaɗiya, takan kama shi da tsanani fiye da ɗan'uwansa. A 2010, a birnin Bordo na Faransa, inda Marsicano ya koma da aiki, aka ga THC kaɗan yana sa ɓera mai yunwa ya ƙara ci ta hanyar masu zuga, mai yawa kuwa yana rage masa ci ta hanyar masu tsawatarwa. A 2012 aka sami irin wannan sakamako game da fargaba, da wani sinadari ɗan'uwan THC: kaɗan yana kwantar da ita, mai yawa yana tada ita, kowane ta ƙofarsa.

Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, ana kiransu astrosit, waɗanda aka daɗe ana ɗauka ƴan hidima ne kawai masu ciyar da sauran. A 2012 masana na Kanada da Faransa suka nuna cewa mantuwar da THC ke sa ɓera, har ya kasa riƙe hanyar da ya bi yanzu-yanzu, tana bi ta kubar da ke jikin waɗannan ƙwayoyi. A 2020 masana na Bordo da na Salamanka a Ispaniya suka bi sawun abin har cikin murhun ƙwayar, wurin da ake ƙone abinci ya zama ƙarfi. THC mai yawa yana rage wutar wannan murhu, sai astrosit su rage laktat, abincin da suke miƙa wa masu aika saƙo. Ɓeran sai ya rage kusantar ƴan'uwansa da shinshinarsu. Da aka ba shi laktat, sai zumuncinsa ya dawo.

Darasin da aka biya da tsada

Ɓera ba mutum ba ne, amma mutum ma yana da CB1, da yawa kuwa. An lura ɓeraye marasa kuba ba su da ƙiba, kamfanin Sanofi-Aventis na Faransa kuma ya fito da magani mai suna rimonaban, wanda ke toshe kubar domin rage ƙiba. Turai ta yarda da sayar da shi a 2006. Ƙiba ta ragu, amma wasu masu shansa suka faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani da fargaba, har da tunanin kashe kai. A 2008 aka janye shi daga kasuwa. Maganin bai bambanta ƙofar ci da ƙofar tsoro ba, duka ya rufe.

Hayaƙin wiwi yana yin akasin haka, amma kuskuren ɗaya ne. Mabuɗin jiki yana buɗe ƙofa ɗaya na ɗan lokaci. THC kuwa jini ne ke kai shi ko'ina cikin kai, ya buɗe ta mai zuga da ta mai tsawatarwa da ta astrosit a lokaci guda, ya kuma yi awoyi yana aiki. Gwajin ɓera ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa samari biyu za su sha taba ɗaya, wannan ya yi ta dariya da neman abinci, wancan fargaba ta kama shi, kuma wanda ta kwantar wa hankali jiya tana iya firgita shi yau in ya ƙara.

Saboda haka masu bincike suka karkata ga neman maganin da zai taɓa kubar a inda ake so kaɗai, ya bar sauran. Malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko uban da yaro ya ce masa wiwi ai ganye ne kawai mai kwantar da hankali, yanzu yana da amsar da zai ba shi. Ganyen ba ya kawo wa ƙwaƙwalwa wani abin da ta rasa. Yana shiga ne cikin aikin da take yi da ma'auni, ya yi shi ba ma'auni.