Damuwar Matasa: Jiyya Ta Hanyar Zantawa Da Masana

Tsakanin shekara 18 da 25 ne matasa da dama kan bar gaban iyayensu zuwa jami'a ko kwaleji, sa'an nan su tafi bautar ƙasa a wata jihar da ba su san kowa ba, su dawo su shiga neman aiki, wasu kuma su yi aure. Waɗannan sauye-sauye da ke zuwa bi da bi kan yi wa wasu nauyi, har barci ya ƙaurace musu, abinci ya fita ransu, karatu ko aikin ofis ya gagara. Binciken masana ya nuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin mutum ya cika shekara 25.

Likitoci sun bambanta ɓacin rai na yau da kullum da ciwon damuwa. Idan baƙin ciki ya zarce mako biyu ba sassauci, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, to, abin ya zama ciwo, kuma yana da magani.

Ɗaya daga cikin magungunan shi ne zantawa da masanin halayyar ɗan Adam. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya tsara wajen shekarun 1960, watau koya wa mutum ya binciki tunaninsa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ɗaya ya ɗauka rayuwarsa ta ƙare, akan sa shi ya rubuta wannan tunani, ya auna shi da hujja, ya kuma tsara abin da zai yi a mako mai zuwa. Akan zauna sau ɗaya a mako, kimanin sa'a guda, na tsawon 'yan watanni, kuma wajibi ne masanin ya riƙe sirri. In ciwon ya yi tsanani, likita kan haɗa da ƙwayoyi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Afirka. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, domin ya lura cewa sun fi saurin warkewa a cikin jama'a. A Zimbabwe kuwa, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su riƙa sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna cewa zama shida na kawo sauƙi ƙwarai.

A arewacin Nijeriya ana samun irin wannan taimako a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, har da asibitocin koyarwa. Jami'o'i da dama suna da ofishin ba ɗalibai shawara. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu wannan lalura bambanci.

Babban cikas dai shi ne kunya da tsoron kada a ce da mutum mahaukaci. Saboda haka wasu kan yi shiru, wasu kuma su koma shaye-shaye. Binciken da aka yi a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Don haka nauyi ya rataya a wuyan iyaye da malamai da shugabannin ma'aikatu. Matashin da ya janye jikinsa daga mutane, ko aikinsa ya ja da baya ba dalili, ya fi bukatar a zaunar da shi a saurare shi da a ba shi takardar gargaɗi. Wanda kuwa ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.