Daga Jiniyar Masana'anta Zuwa Ɗakin Lacca

A zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibina ɗan aji ɗaya ya ɓingire da barci ana tsakiyar gwaji. Da na tashe shi sai ya ce, "Malam, a yi haƙuri, daga aikin dare nake." Ashe a wani kamfanin robobi da ke Sharada yake kwana a gaban inji, ya fito da asuba, ya yi salla, ya hau adaidaita sahu zuwa makaranta. Da ladan wannan aiki ya biya kuɗin rijista, da shi kuma yake tallafa wa mahaifiyarsa.

Irinsa ba kaɗan ba ne a jami'o'in Kano. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa sun daɗe suna riƙe da gidajen talakawa, amma tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar kayan waje, da yawansu sun durƙushe, musamman masaƙu. Uban da a da albashinsa ke ɗaukar nauyin karatun ɗa, yau shi ma neman na cefane yake. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sufuri. Saboda haka yaron da ya samu gurbi a Jami'ar Bayero ko wata jami'ar, sau da yawa shi ne mai ɗaukar nauyin kansa.

Abin da ke kayar da irin wannan ɗalibi a shekarar farko ba ƙarancin basira ba ne, lokaci ne. A sakandare ƙararrawa ke tsara masa yini, a masana'anta kuma jiniya da shugaban aiki. A jami'a babu mai buga masa komai. Idan ya makara a kamfani, a ranar za a yanke masa lada. Idan ya rasa lacca, ba zai ji zafin ba sai an kafe sakamako. Don haka duk sa'ad da aiki da karatu suka yi karo, karatun ne ke shan kashi.

Lissafin kuwa ba ya sassauci. A ma'aunin maki 5.00, digiri mai daraja ta biyu babba yana farawa ne daga 3.50. Wanda ya kammala aji ɗaya da 2.00 a kwas na shekara huɗu, idan nauyin shekarun ya yi daidai, sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga sabon ɗalibi shawarata uku ce. Ya karɓi jadawalin lacca tun makon farko, ya kai wa shugaban aikinsa, ya nemi a daidaita masa lokaci kafin matsala ta auku. Ya sanar da malamin da ke kula da ajinsu halin da yake ciki, domin ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Sannan ya nemi rancen asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024, ko zai rage masa wasu darare a gaban inji.

Masu masana'antu su ma da nasu. Tun 1973 ake tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni ƙarƙashin shirin SIWES, alamar cewa masana'anta da jami'a suna bukatar juna. Sauke wa ma'aikaci aikin dare a makonnin jarrabawa ba zai karya kamfani ba, kuma ƙila shi ne injiniya ko akantan da za a nema gobe. Mu malamai kuma mu daina ɗaukar duk mai gyangyaɗi a aji a matsayin malalaci. Mu tambaya kafin mu yanke hukunci.

Ɗalibin nawa ya fāɗi wancan gwajin, amma bayan mun zauna da shi ya samu an mayar da aikinsa ƙarshen mako. Ladansa ya ragu, makinsa ya ɗaga. Sauran da ba su yi barci a gabana ba, har yanzu ban san su ba.