Shin da gaske ungulu na komawa gidanta na tsamiya?

Ka tambayi dattawan Ƙofar Marke a Sakkwato, za su gaya maka cewa a da ungulu ba abin nema ba ce a mayanka da bakin kasuwa. Yau kana iya yin shekara ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya irin ungulun da muka saba gani a gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. To, ko za su dawo? Amsar tana wajen 'ya'yansu.

Ungulun gari ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗan kuma sai ya ɗauki shekaru yana yawo kafin ya fara haihuwa. Abubuwa huɗu ne ke sa ya kafa sheƙarsa ta farko kusa da gida ko nesa.

Na farko abinci. Inda mushe da sharar mayanka suka wadata, babu dalilin yin nisa.

Na biyu wurin sheƙa. Dogayen itatuwa take so, kamar ɗorawa da gawo da tsamiya. In an sare su, ko manya sun riga sun kama, dole yaro ya ƙara gaba.

Na uku 'yan uwa. Ungulaye na lura da juna a sama don gano mushe, a cikin taro kuma ake samun abokin zama. Garin da suka ƙare ba ya jawo baƙi.

Na huɗu jinsi. A yawancin tsuntsaye mata sun fi maza yin nisa.

Yawon nan fa akwai haɗari. 'Ya'yan farar ungulu daga Girka da Bulgeriya kan tsallako Sahara su zauna a yankin Sahel fiye da shekara kafin su koma. A 2014 wani mafarauci ya harbe ɗaya daga cikinsu a Nijar, mai suna Paschalis, wanda masu bincike suka ɗaura wa na'urar bibiya, don a sayar da sassansa a Najeriya a haɗa magani.

Ka ga ke nan, ungulu na komawa kusa da gida ne in ta tsira a hanya, ta kuma tarar da itace da abinci da 'yan uwa. Idan akwai tsohon itace a unguwarku, a bar shi tsaye. Wanda kuma ya tallata maka kan ungulu, kada ka saya.