Daren da Ɗan Kumasi Ya Ɗaga Kambun WWE

Duk ajin da ake kallon reslin, ba a rasa yaro guda wanda aikinsa kullum ɓata wa mutane rai. Ana tsakiyar hirar yadda aka maka wani da ƙasa jiya, sai ya tsoma baki: "Ku dai ba ku da aikin yi. Ai duk shiri ne." Mu ma mun zauna da irinsa, kuma abin haushin shi ne yana da gaskiya. Tun a 1989 kamfanin da yanzu ake kira WWE ya faɗa wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba. Kafin 'yan kokawa su hau dandali an riga an san wanda zai ci. Akwai marubuta, akwai akta, akwai bos, kamar dai a fim ɗin Indiya.

To me ya sa muke hana idonmu barci saboda shi? Mu dai amsarmu tana cikin labarin Kofi Kingston.

Sunansa na gaskiya Kofi Sarkodie-Mensah, an haife shi a Kumasi ta ƙasar Ghana ranar 14 ga Agusta, 1981. Ranar Juma'a ce, kuma a wurin Asante duk namijin da aka haifa ranar Juma'a Kofi ake ce masa, wato Ɗanjuma ke nan a wurinmu. Yana ƙarami iyayensa suka koma Amurka da shi. Ya yi karatu har ya gama jami'ar Boston College, ya kama aikin ofis, daga baya ya ajiye ya shiga koyon kokawa.

Da ya fara fitowa a talabijin a Janairun 2008, ba a ce ɗan Ghana ba ne. An gabatar da shi a matsayin ɗan Jamaika, har da kwaikwayon yadda mutanen can ke magana, kuma Kingston ɗin ma sunan babban birnin Jamaika ne. Sai a ƙarshen 2009 aka bar wannan rigar aro aka fara kiran Ghana idan zai shigo.

A lokacin ne ya yi rigimarsa ta farko mai zafi da Randy Orton. Duk wanda ya ga daren da ya diro daga sama ya ratsa tebur da Orton a Madison Square Garden ya ɗauka an samu sabon gwarzo. Amma abin bai ɗore ba. A wani wasa a farkon 2010, Orton ya yi ta daka masa tsawa yana kiransa wawa a gaban kowa, kuma ba a daɗe ba Kofi ya koma sahun tsakiya. Can ya zauna shekara da shekaru. Ya ci ƙananan kambuna da yawa, ya zama wanda ake jira a gasar Royal Rumble don a ga dabarar da zai yi ya hana ƙafafunsa biyu taɓa ƙasa. A 2012 da hannuwa ya yi tafiya, ƙafafu a sama. A 2013 kujerar mai sharhi ya ara ya yi ta tsalle da ita har ya koma bakin dandali. Muka yi dariya, muka tafa, aka wuce. A 2014 ya haɗu da Big E da Xavier Woods suka kafa The New Day, masu rawa da busa da raba wa 'yan kallo fanke. Ana son su ƙwarai, amma ba wanda ke kallon mai raba fanke a matsayin wanda zai riƙe babban kambu.

Sai ga Fabrairun 2019. Wani matashin ɗan kokawa, Mustafa Ali, ya ji rauni na gaske, ba na shiri ba, ana saura 'yan kwanaki a yi wasan Elimination Chamber, inda mutum shida ke shiga kejin ƙarfe don neman kambun WWE. Ana neman wanda zai cike gurbi, aka sa Kofi. Ranar 12 ga wata aka yi wasan jeri, wanda idan ka kayar da ɗaya wani ya shigo maka nan take. Kofi ya kayar da mai riƙe da kambun, Daniel Bryan, ya kayar da Jeff Hardy, ya wuce Samoa Joe, sai da ya yi kusan awa guda a dandali kafin AJ Styles ya gama da shi. Kwana biyar bayan haka, a cikin kejin a birnin Houston, shi da Bryan ne suka rage na ƙarshe. Bryan ya ci, amma sunan Kofi zauren ya yi ta kira.

Nan ne abin da abokinmu mai cewa "shiri ne" bai gane ba. Marubuta suna iya rubuta wanda zai ci, amma ba za su iya rubuta wa mutum dubu goma abin da za su yi ihu a kai ba. Duk garin da aka je, sunan Kofi ake rerawa. A intanet aka laƙaba wa abin suna KofiMania. Kamfani kuwa tikiti yake sayarwa, don haka dole ya saurara.

Kuma a faɗi gaskiya, sun iya jan rai. Shugaban kamfanin na lokacin, Vince McMahon, ya shiga labarin a matsayin bos. Aka ba Kofi damar neman kambu, McMahon ya fito ya ƙwace ya ba Kevin Owens. Ya ce idan Kofi na son zuwa WrestleMania, sai ya kayar da mutum biyar a dare guda. Ranar 19 ga Maris ya wuce Sheamus, Cesaro, Rowan, Samoa Joe, da tsohon abokin gabarsa Orton. Yana kwance yana haki ana murna, sai McMahon ya ce ai saura ɗaya, ya turo Daniel Bryan da ƙarfinsa. Kofi ya faɗi. Mun san shiri ne, amma ranar akwai waɗanda suka kashe waya don haushi. Mako na gaba Big E da Woods ne suka yi nasu wasan jerin don su sama wa abokinsu dama. A tsakiyar wasan, tagwayen nan The Usos, waɗanda suka daɗe suna gaba da su, suka fito suka ce ba za su yi faɗan ba, sun janye don girmama Kofi.

Wani abin da ya ƙara wa miyar gishiri shi ne Bryan ɗin kansa. Shekara biyar kafin nan, a 2014, shi ne ɗan ƙaramin mutumin da manyan kamfani a cikin labari suka ce bai kai ba, 'yan kallo suka tsaya masa da ihun "Yes!" har ya ci kambu a WrestleMania 30. Yanzu ga shi ya zama bos, yana jifan Kofi da kalmar rainin da aka jefe shi da ita. Har kambun ma ya canza, ya jefar da na fata ya kawo na katako da zaren tsiro, wai yana kare muhalli.

Ranar 7 ga Afrilu, 2019, a filin MetLife da ke New Jersey, jihar da aka yi waccan magana ta 1989, aka yi WrestleMania 35. Kamfanin ya ce sama da mutum dubu 82 ne suka shiga. A nan gida dare ya raba sosai, don haka yawancinmu sai washegari muka gani, muna toshe kunne kada wani ya faɗa mana sakamako. Bryan ya yi ta murɗe shi yana tattaka masa fuska, Kofi ya ƙi sallamawa. Daga ƙarshe ya juya a iska ya sakar masa ƙafar nan tasa da ake kira Trouble in Paradise. Alƙalin wasa ya buga ɗaya, biyu, uku. Bayan shekara goma sha ɗaya, Kofi ya zama mutum na farko haifaffen Afirka da ya riƙe kambun WWE. Abokansa suka ajiye na katakon suka fito da na asali, 'ya'yansa ƙanana suka hau dandali, Xavier Woods yana kuka wiwi. Ba mu yarda cewa akwai marubucin da ya rubuta wannan kukan ba. Ba a yi wata biyu ba ya kai kambun Ghana, ya gana da Shugaba Nana Akufo-Addo da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II.

Kafin mu ƙarasa, bari mu tsaya kan wata magana da ta shafe ku, musamman 'yan makarantar kwana da ke tara katifu bayan an kashe fitila. Sakamako ne shiri, ciwon ba shiri ba ne. Waɗannan mutane sukan yi shekaru suna koyon faɗuwa kawai: a sauka da faɗin baya, a manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, a buga hannuwa a ƙasa don ƙarfin ya bazu. Wanda ake ɗagawa ma yana taimakon mai ɗaga shi, kuma suna raɗa wa juna abin da za a yi. Ƙasan dandalin katako ne a kan ƙarfe da 'yar shimfiɗa, yana ɗan lotsawa. Siminti ba ya lotsawa. Duk da wannan horo, ranar 11 ga Maris, 2022, Big E ɗin nan abokin Kofi ya sauka a kan kansa a wajen dandali ya karya ƙasusuwa biyu a wuya. Ƙato ne da ya yi gasar ɗaga ƙarfe kafin ya shiga kokawa, amma a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Mu ma a zamaninmu na makaranta mun ga wanda ya rubuta jarrabawa da hannu a ɗaure saboda ya diro daga gado mai hawa biyu yana kwaikwayon Rey Mysterio.

Kofi ya riƙe kambun kwana 180. A ciki ya sake haɗuwa da Orton, aka tono tsohuwar maganar "wawa" aka gina rigima a kanta, kuma wannan karon Kofi ne ya yi nasara. Sai ranar 4 ga Oktoba, 2019, a birnin Los Angeles, daren da shirin SmackDown ya koma tashar Fox. Abokin karawarsa Brock Lesnar ne. Ana kaɗa ƙararrawa Kofi ya ruga ya yi tsalle, Lesnar ya cafe shi a kafaɗa, ya juya ya maka shi da ƙasa. Ɗaya, biyu, uku. Ba a cika daƙiƙa goma ba. Kafin mu rufe baki an shigo da Cain Velasquez don a fara sabuwar rigima da Lesnar, Kofi kuwa ba a ba shi damar ramawa ba.

Har yau ba mu haƙura da wannan dare ba. Wasunmu na cewa kasuwa ce, sabuwar tasha na son babban suna. Wasu na cewa ko da za a karɓe kambun, mutumin da ya yi awa guda yana faɗa a Fabrairu ya cancanci ko minti goma ne. Abokin namu mai cewa shiri ne, da aka nuna masa daƙiƙun nan a waya, shiru ya yi, sannan ya ce, "Kai, amma wannan ba su kyauta masa ba."