Ƙyauren da Ya Tsare Ɓarawo, Kada Ya Tsare Masu Gida

Duk wanda ya zaga Batsari, Ruma, Wagini, ko ya gangara Safana da Runka, zai lura da yadda ƙofofi suka sauya. Gidajen da a da asabari ko tufaniya ke rufe bakin ɗakunansu, da zaurukan da ƙyauren langa-langa ya ishe su, yanzu ƙyauren ƙarfe ne da sakata sama da ƙasa, ga kwaɗo a rataye. Dalili ba ɓoyayye ba ne ga mai maƙwabtaka da Dajin Rugu. Babu mai zargin magidancin da ya sayar da rogonsa ko akuyarsa ya kira mai walda. Abin da ake mantawa shi ne ƙananan ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren, wato mariƙi, hinji, kuba, alharga da sakata. Su ke cin wuya kullum, su ke fara mutuwa, kuma su ne ba a waiwaya sai ranar da suka ƙi.

Mu faɗi gaskiya tun farko: babu kubar da ke tare mutum goma masu bindiga. Wannan aikin soja ne da 'yan sanda da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a 2023. Aikin kuba shi ne hana ɗan hali, da tsare hatsi da kayan ɗaki, da jinkirta mai ɓalle ƙofa har a farka a yi kururuwa. Tana kuma da aiki na biyu wanda tsoro ya sa muka yi watsi da shi: ta buɗe nan take idan na ciki yana son fita.

Da hunturu ake gane haka. Ana shiga ɗaki da kaskon wuta, ga gidan sauro da katifar soso, a wani gidan har da jarkar fetur ta babur a ƙarƙashin gado. Taga an datse ta da rodi. Ƙofar kuwa mariƙinta ya karye tun bara, da wuƙa ko cokali ake zira wa a murɗa, kuma maigida kaɗai ya san dabarar. Idan wuta ta tashi da tsakar dare, hayaƙi ne ke fara rufe ido da numfashi, kafin harshen wuta ya iso. Wanda ba ya gani, yana tari, yana saɓe da yaro, ina zai nemo cokali? Mafi muni shi ne al'adar garƙame kwaɗo ta waje a bar yara suna barci, uwa ta tafi biki ko suna a maƙwabta, ko maigida ya kulle iyali ta waje ya tafi sintiri. Niyyar kariya ce, amma wanda aka kulle ta waje ba shi da ikon ceton kansa.

Turawa ma da rai suka sayi wannan darasi. A 1883, a garin Sunderland na Ingila, yara 183 suka mutu a wani zauren wasa mai suna Victoria Hall. Ba wuta ba ce. An ce za a raba kyauta, suka ruga ƙasa ta matakala, suka tarar da ƙyaure mai buɗewa ciki an danna masa sakata, an bar 'yar kafar da mutum ɗaya kawai zai iya ratsawa. Na baya suka danne na gaba. Bayan wannan ne aka tsananta dokar cewa ƙofofin wuraren taro su riƙa buɗewa waje, aka kuma ƙera mariƙin da ake bangaza da jiki ya buɗe. Masu makarantun Islamiyya da na allo, da kwamitocin masallatai, su dubi nasu ƙyauren: ina yake buɗewa, kuma wa ke riƙe da makulli idan almajirai sun kwanta?

Yawanci mariƙi ba ya mutuwa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Idan ka danna shi ka saki bai koma daidai ba, ya tsaya a langaɓe, sufirin ɗin ciki ya gaji ko ya karye. Idan yana juyawa amma harshen kubar bai motsa ba, to ɗan sandan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ya ratsa ƙyauren ya haɗa mariƙin ciki da na waje ya cinye, ko ramin da yake zama ya buɗe. Wannan ita ce alamar da ta fi hatsari, don ita ke kulle mutum a ɗaki ko a banɗaki. Sandan yawanci kaurinsa milimita 8 ne, ana sayar da shi shi kaɗai, kuma sukurudireba ta isa a sauya shi. In kuwa farantin mariƙin ne ke rawa, sukurori ne suka saki. A ƙyauren ƙarfe mara kauri sukuru ba ya samun abin kamawa, gara a sa dogon noti da zai ratsa ya ɗaure faranti biyun da juna.

Sau da yawa kuma laifin ba na mariƙi ba ne. Mutum ya sayi sabo, wata biyu ya sake karyewa, ya ce kayan zamani ba su da ƙarko. Duba hinji tukuna. Ƙyaure mai nauyi hinjin sama yake ja, in ya saki sai ƙyauren ya sunkuya, gindinsa ya riƙa jan ƙasa, harshen kuba ya daina faɗawa raminsa. Daga nan kowa sai ya ɗaga ƙyauren da mariƙi kafin ya rufe, alhali ba a yi mariƙi don ɗaukar kaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe ƙyauren rabi, kama bakinsa ka ɗaga. In ya yi wasa sama da ƙasa, hinji ne. A katako, ana cusa tsinken itace da gam a ramin da ya buɗe, a sa sukuru mafi tsawo. Kada a buga ƙusa, don ƙusa zarewa take yi. In katakon ya yi laushi yana zubar da gari, gara ko ƙwaro sun riga ka, sai dai kafinta ya sauya wurin. A ƙarfe kuwa, mai walda ya yanke tsohon hinjin ya sa uku a maimakon biyu. A ginin ƙasa a duba inda firam ɗin ya shiga bango, domin damina na zaizaye wurin har ƙofar gaba ɗaya ta karkace.

Wani kuskuren na damina ne. Katako na shan laima ya kumbura, ƙyaure ya riƙa cijewa, sai a kira kafinta ya fere shi da yawa. Hunturu na zuwa ya bushe ya tsuke, a sami kafar da ƙura da kunama za su bi, sakata ma ta kasa kaiwa raminta. A fere kaɗan, a shafa fenti a gefen da aka fere.

Wajen saye, araha ba ta ado. Ɗauki mariƙin a hannu ka ji nauyinsa. Akwai masu ƙyalli kamar azurfa waɗanda cikinsu narkakken ƙarfe ne mai gautsi, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya ya bar kaifi. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne. Sanannun sunaye irin su Yale da Union su aka fi kwaikwaya. Ka tafi da tsohon naka kasuwa, ko a Batsari ko a Katsina, a gwada tazarar da ke tsakanin ramin mariƙi da na makulli, don ba duka suke daidai ba, kuma wanda ya sayi wanda bai dace ba sai ya huda ƙyaurensa ya raunana shi. Ka gwada dukkan 'ya'yan makullin a gaban mai shago. Kwaɗo kuma komai girmansa, ƙarfinsa bai wuce na alhargar da aka rataya shi ba. In kawunan sukurorin alharga suna waje a fili, ɓarawo ba zai taɓa kwaɗon ba, kwance su zai yi.

Kada a ɗura man gyaɗa ko manja a ramin makulli. Ranar farko zai yi santsi, sannan ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama danƙo ya riƙe 'yan ƙusoshin ciki. A goga bakin fensir a jikin ɗan makullin a zira a fitar sau da yawa, ya wadatar. Giris ko ɗigon man inji na hinji ne da sakata.

Akwai magana ta musamman ga waɗanda tashin hankali ya raba da ƙauyukansu. Wanda ya kama haya a cikin gari bai san hannu nawa makullin ɗakin ya bi ba. Ba sai ya sayi kuba sabuwa ba: a irin kubar da aka fi sa wa ƙyauren ƙarfe yanzu, silindar da makulli ke shiga sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita a gefen ƙyaure, a kwance shi a zare ta a sa wata mai tsawo ɗaya. In da hali a zaɓi wadda ta ciki ake murɗa ta da yatsa ba sai da makulli ba, muddin babu taga kusa da za a zuro hannu. Wanda kuma ya koma gidansa bayan an daɗe ba kowa, zai tarar da tsatsa ta ci hinji da sakata, wani ƙyauren ma an ɓalle shi. A yi hattara da yankan tsohon ƙarfe. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma rauni mai zurfi take so. A wanke da ruwa da sabulu, a je asibiti a yi allura, kada a tsaya shafa toka ko ƙasa.

Maigida, yau da dare bayan an rufe, kashe fitila ka ce wa uwargida ko babban yaronka ya buɗe ƙofar ɗaki da ta gida ba tare da ka taimaka ba. In sai an lalubi makulli a aljihun rigarka, a kafa masa ƙusa kusa da ƙofa inda kowa ya sani, nesa da taga. In sakatar sama ta fi ƙarfin tsawon yara, a sauko da ita. In kuma ɗakin ƙofa ɗaya gare shi, a sa mai walda ya yanke rodin taga ɗaya ya mayar da shi mai buɗewa, da sakatarsa ta ciki.