Gurasa Biyar, Kifi Biyu, da Gardamar Malamai

Cikin mu'ujizojin da aka ruwaito Yesu ya yi a lokacin wa'azinsa, guda ɗaya tal Matiyu da Markus da Luka da Yohanna suka haɗu a kanta: ciyar da mutum 5,000 kusa da Tekun Galili da gurasa biyar da kifi biyu, kowa ya ƙoshi, har aka tsince ragowa kwando 12. Shin haka abin ya faru a zahiri, ko kuwa ishara ce?

Malaman coci na farko ba su ɗauki wannan tambayar da zafi ba. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yarda an ci gurasar da baki, kuma bai tsaya nan ba. Ya ce gurasa biyar ɗin littattafan Musa biyar ne. Da ya ga Yohanna ya ambaci cewa ta sha'ir ce, sai ya riƙe wannan: ƙwayar sha'ir tana manne cikin ƙaiƙayi mai wuyar ɓarewa, haka ma'anar Attaura take lulluɓe cikin harafinta. A wurinsa zahiri da baɗini ba kishiyoyi ba ne.

Rigimar ta yi tsami ne a Jamus ta ƙarni na 19. Heinrich Paulus, shehun malami a Heidelberg, ya fito a 1828 da bayani mai kwantar wa masu ilimin zamani hankali: wai Yesu ya fara raba ɗan abin da ke hannunsa, sai masu guzuri a cikin taron suka yi koyi da shi, suka kwance nasu. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai babu ko ɗaya daga cikin marubutan huɗu da ya ce wani ya ɓoye guzuri. Paulus ya ceci labarin ne ta hanyar cire abin da ya sa aka rubuta shi.

David Strauss, yana ɗan shekara 27, ya yi watsi da bayanin Paulus a littafin da ya fitar a 1835. Shi cewa ya yi Kiristocin farko sun saƙa labarin ne da zaren Tsohon Alkawari: mannar da ta sauko wa Isra'ilawa a jeji, da Annabi Elisha wanda ya ciyar da mutum 100 da gurasar sha'ir 20, aka kuma bar saura. Kamancen a bayyane yake. Masu riƙe da zahiri kuwa suka ce kama da abin da ya gabata ba ta nuna cewa wanda ya biyo baya bai faru ba, hasali ma cikar alkawari ce.

Littafin ya ci wa Strauss aikinsa a Tübingen. Da aka ba shi kujerar koyarwa a Zurich a 1839, jama'a suka yi ca, dole hukuma ta sallame shi da fansho tun bai taka aji ba.